Sunayen da ke Bangon Majami'a, da Namu da Ba a Rubuta Ba

Iyayena dattawa da ke gida, da ƴan uwa na ci-rani da ke Yamai, da Kano, da Ikko, da Kwatano, da Abijan, da duk inda wannan takarda ta ƙungiya ta iske ku, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana da ta taso a taronmu na bayan ƙaramar Sallah, wadda magariba ta raba mu ba mu ƙare ta ba. Waɗanda ba su samu zuwa ba su ma suna da haƙƙin su ji, don maganar ta shafi kakannin kowa.

Asalin abin hoto ne. Wani yaron garinmu da ya zauna a ajina yana ƙarami, wanda yanzu yake karatu a Faransa, ya aiko mini hoton wani allo da ya gani a cikin majami'ar wani ƙauye da suka je kewaya. Allon na farin dutse ne mai santsi, an kafa shi a bango kusa da ƙofa. A kansa an rubuta cewa jama'ar wannan majami'a suna tuna ƴaƴansu da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Daga nan sai sunaye jere-jere har layi biyu, kowane suna da shekarar mutuwarsa. Sunan wani gida ya fito har sau uku. Can ƙasa akwai wani ɗan gajeren jeri na yaƙin 1939 zuwa 1945. A ƙarƙashin hoton yaron ya rubuto mini tambaya guda: Mushe, mu ina namu allon? Na nuna hoton a taro, sai gardama ta kaure. Shi ya sa na koma na tattara abin da na karanta a kan wannan al'ada, don in za mu sake zama mu zauna da sani.

A yaƙin duniya na farko Faransa ta rasa soja kimanin 1,400,000, alhali mutanen ƙasar duka ba su wuce miliyan 40 ba. Akasarinsu manoma ne irinmu, ƴan ƙauye. Ƙasar tana da garuruwa da ƙauyuka masu magajin gari wajen 36,000, kuma da wuya a samu wanda takardar mutuwa ba ta shiga ba. Ana ambaton wani ƙauye a Normandi mai suna Thierville a matsayin abin mamaki, don mazansa duka sun komo. Tun yaƙi bai ƙare ba, a ranar 2 ga Yuli 1915, aka yi doka cewa wanda ya faɗi a fagen fama za a rubuta a takardar mutuwarsa cewa ya mutu domin Faransa. Wannan ɗan rubutu ba ado ba ne, da shi matar mamaci da marayunsa ke samun haƙƙinsu. A ranar 25 ga Oktoba 1919 wata doka ta ce a buɗe wa kowane gari littafi na musamman na sunayen matattunsa, kuma gwamnati ta taimaka da kuɗi ga garin da ke son gina abin tunawa. Cikin ƴan shekaru, tsakanin 1920 da 1925, aka gina irin waɗannan gine-gine fiye da 30,000. Mafi yawan kuɗin daga aljihun mutanen gari ya fito, karo-karo, kamar yadda muke yi in za mu gyara rijiya ko rufin masallaci.

To, me ya kawo majami'a cikin maganar? A shekarar 1905 Faransa ta raba gwamnati da addini, kuma dokar ta hana a sa alamar addini a kan ginin hukuma da ke fili, sai dai a maƙabarta ko a wurin ibada. Saboda haka in magajin gari ya gina nasa a dandali, ba gicciye ba addu'a, sai limamin majami'a shi ma ya tara jama'arsa su kafa nasu allo a cikin ɗakin ibada, inda za su iya sa gicciye su roƙa wa matattu gafara. Ƙauye ɗaya, jerin suna biyu. Abin da ya ja hankalina shi ne sau da yawa jerin biyun ba su daidaita. Hukuma tana duba inda aka haifi mutum ko inda yake zaune, limami yana duba wanda yake cikin jama'arsa. Sai ka iske baƙon da ya zo ƙodago yana nan ba ya can, ko wanda ya yi hannun riga da majami'a yana dandali ba ya bango. Akwai kuma waɗanda aka bari waje da gangan. Sojojin Faransa fiye da 600 ne rundunarsu ta harbe da kanta don ƙin bin umurni ko ja da baya, kuma galibinsu ba a sa su a kan dutse ba, iyalansu suka zauna da kunya shekara da shekaru. Ashe ko can, rubuta suna ba ƙidaya kaɗai ba ce. Wani ne ke zaune yana yanke wanda ya cancanta.

A Ingila al'adar ta soma ta wata hanya dabam. Tun 1914, kafin a san yawan waɗanda za su mutu, limamai suka riƙa rubuta sunayen samarin da suka tafi yaƙi a takarda suna mannawa a ƙofar majami'a, don a riƙa yi musu addu'a ran Lahadi. Takardar masu rai ce tun farko. Amma tana da wani aiki na biyu da ba a faɗa a fili: saurayin da ya rage a gida yana wucewa kullum yana ganin sunayen tsaransa, nasa babu, kuma uwayen waɗanda suka tafi suna kallonsa. Da labarin mutuwa ya fara isowa, sai a sa ɗan gicciye a gefen suna. Ingilishi sun yi wani kuskure da ya tsananta abin, wato sun bar samarin gari ɗaya, ko ma'aikatan masaƙa ɗaya, su shiga bataliya ɗaya don su ƙarfafa juna. Ran 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme, Ingila ta rasa mutum 19,240 a wuni guda. Bataliyar garin Accrington da kewayensa ta shiga da mutum wajen 720, aka kashe ko aka raunata ko aka rasa 584 da safiyar nan. Ku kwatanta a ce duk samarinmu da ke Abijan suna cikin mota ɗaya.

Gwamnatin Ingila kuma ta hana a komo da gawa gida, ta mai kuɗi ko ta talaka, kowa a rufe shi inda ya faɗi. Dubbai ma ba a samu gawarsu ba sam. A Thiepval kaɗai an sassaƙa sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ba su da kabari sananne. Uwa ba ta da inda za ta je ta tsaya, sai wannan allo na majami'a. Shi ya sa bayan yaƙi aka mai da takardar nan ta zama katako, ko tagulla, ko dutse. Cikin dubban ƙauyukan Ingila da Wales, hamsin da ƴan kai ne kaɗai aka samu da dukan mazansu suka komo, har ana ce musu ƙauyuka masu godiya.

Ostareliya ita ce ta fi ba ni sha'awa, ko da yake ba zan daɗe a kanta ba. Can ba a tilasta wa kowa tafiya ba, sau biyu aka jefa ƙuri'a a kan tilas, a 1916 da 1917, jama'a suka ƙi. Mutum kimanin 416,000 suka ba da kansu, wajen 60,000 suka mutu. Da yake kowa da son ransa ya tafi, allunan majami'unsu da makarantunsu da yawa suna ɗauke da sunan duk wanda ya je, da wanda ya komo da wanda bai komo ba, sai a sa wa mamaci alama. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Yanzu sai namu. Rundunar baƙaƙen soja da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a 1857. Sunan Senegal ne kawai, amma daga ko'ina cikin ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka ta yamma ake ɗibarsu. A 1912 aka yi doka ta ɗibar soja dole. Ga yadda abin yake tafiya, kuma dattawa sun fi ni sani: kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Likita ya auna ƙirji ya duba haƙora, wanda ya ci a aske shi a ba shi lamba. Wannan ya faɗo ne daidai lokacin da ƙasar Hausa ke fitowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, gidaje sun riga sun raunana. Da yawa suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, wasu ba su sake komowa ba, zuriyarsu tana Katsina da Daura da Kano har yau. A yammacin Volta mutane suka ɗauki makami a 1915 da 1916 saboda wannan ɗiba. A ƙasarmu kuma Kawusan ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 har Maris 1917, lokacin nan Damagaram ce babban birnin yankin. A 1918 aka aiko Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa a majalisar Faransa, ya zagaya da alkawura, ya tara mutum fiye da 60,000 a Afirka ta yamma. Gaba ɗaya kusan mutum 200,000 aka ɗiba a wannan yaƙi, wajen 30,000 suka mutu. Rabon ƙasar Nijar bai kai na Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, ko na ƙasar Mosi ba, amma gidan da aka ɗauki ɗansa bai damu da wannan lissafi ba. Daga 1919 kuma ɗibar ta zama ta kowace shekara, da ƙuri'a, shekara uku a bariki, ko ana yaƙi ko ba a yi.

Ran 16 ga Afrilu 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, aka tura baƙaƙen soja fiye da 15,000 cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwansu sun sandare har wasu ba su iya sarrafa bindiga. Cikin ƴan kwanaki fiye da 6,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. Bafaranshen da ya faɗi a gefensu ran nan, sunansa yana dandalin garinsu, yana bangon majami'arsu, kuma kowace 11 ga Nuwamba ana kiran sunansa da ƙarfi, yaran lakkwal suna amsawa. Har a 2012 Faransa ta ƙara doka cewa dole ne a rubuta sunan duk wanda ya mutu dominta a ginin garin da aka haife shi ko garin da ya zauna ƙarshe. Wanda aka haifa a ƙasar Tasawa ko Madawa, wane gari ne zai rubuta shi?

Ba zan ce ba a yi musu komi ba, don ƙarya ba ta da amfani. An gina babban masallacin Paris, aka buɗe shi a 1926, don tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙin. A Dakar an gina babbar majami'a da aka sa wa suna ta tunawa da Afirka, aka tsarkake ta a 1936. Bishop Jalabert da ya faro aikinta bai ga ƙarshensa ba, ya nutse a Janairu 1920 cikin jirgin ruwa mai suna Afrique, kuma cikin jirgin nan akwai baƙaƙen soja wajen 190 da suka tsira daga yaƙi suna hanyar gida, kusan dukansu suka tafi tare da shi. A birnin Reims, wanda baƙaƙen soja suka taimaka wajen kare shi a 1918, an kafa mutum-mutumin tagulla a 1924, an kafa irinsa a Bamako: baƙaƙe huɗu sun kewaye farin hafsa mai riƙe da tuta. Jamusawa suka tumɓuke na Reims a 1940, ba a mai da irinsa ba sai 2013. Amma ku lura da bambancin. Ɗan ƙauyen Faransa an ba shi sunansa da na gidansu, a inda uwarsa ke wucewa kullum. Namu an ba su gunki guda a madadin dubbai, a birnin da uwayensu ba su taɓa jin sunansa ba.

Ƴan uwanmu na ƙasar Ingilishi ba su fi mu sa'a ba. Rundunonin Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, daga sojan Hausa suka samo asali, kuma an ce wani sojan Gwalkwas mai suna Alhaji Grunshi shi ne ya harba harsashin farko na ɓangaren Ingila a yaƙin duka, a Togo, cikin Agusta 1914. Duk da haka a 1923 gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da ra'ayi cewa baƙin mutum ba zai gane darajar dutsen kabari ba. Da irin wannan tunani aka kafa gumakan soja marasa suna a Nairobi da Mombasa da Dar es Salaam. Sai a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila ta amsa laifinta, ta ce aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu ƴan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

A yaƙi na biyu akwai wurare biyu da ya kamata kowane yaron lakkwal ya sani. Na farko Chasselay, kusa da Lyon. Ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940 sojan Jamus suka kama baƙaƙen soja, suka ware su daga fararen hafsoshinsu, suka karkashe su a gona. Wani Bafaranshe mai suna Jean Marchiani ya tattara gawarwakin, ya gina musu maƙabarta mai jar ganuwa irin ginin ƙasar Sudan, aka buɗe ta a Nuwamba 1942. Baƙaƙen soja 188 ke kwance a ciki, da dama ba suna. A Janairu 2022 aka ƙara alluna ɗauke da sunaye 25 da wani masanin tarihi ya tono daga takardu, bayan shekara fiye da tamanin. Na biyu Thiaroye, kusa da Dakar. Ran 1 ga Disamba 1944 sojojin da suka komo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi kuɗinsu da aka riƙe, rundunar Faransa ta buɗe musu wuta. Takardun hukuma na lokacin suka ce mutum 35, masana da yawa suna cewa ɗaruruwa. Kaburburan da ke maƙabartar wurin ba suna a kansu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan gilla.

Waɗanda suka komo da rai kuma, da waɗanda aka kai Indocin da Aljeriya daga baya (marigayi Seyni Kountché yana cikin waɗanda suka je wuraren nan biyu), sun gamu da dokar Disamba 1959, wadda ta daskarar da pansiyon mazan jiya na ƙasashen da suka samu ƴanci. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, nasu yana tsaye. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da akasarinsu suna ƙasa. Tsoho na ƙarshe da aka sani daga baƙaƙen sojan yaƙin farko, Abdoulaye Ndiaye na Senegal, ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1998, ana gobe za a maƙala masa lambar girma.

Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, mai wata ƴar akwatin ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa. Mu yara dariya muke yi masa in ya tsaya ƙiƙam yana ba da umurni da Faransancin bariki. Da na shiga aji shida ya kira ni in karanta masa wata takarda, ya buɗe akwatin, na ga ɗan littafin soja da lambobin ƙirji biyu. Sunan da ke cikin littafin ba shi ne sunan da muka san shi da shi ba. Magatakardan bariki ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya sa sunan gari a wurin sunan uba, a wurin ranar haifuwa kuma ya sa "wajen shekara kaza". Da tsohon ya rasu aka raba gado, akwatin ta zama ta ajiyar allura da zare. Na je neman littafin bara, aka ce gara ta cinye shi tun tuni. Laifina ne kamar na kowa, don na karanta shi da idona ban kwafe ko layi ɗaya ba.

A taro an kawo hujjoji uku a kan kada a rubuta, kuma ba wadda na raina. Wani dattijo ya ce wannan al'adar Nasara ce, mu Musulmi ba mu sassaƙa suna a dutse, addu'a ita ce ke isa ga mamaci. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a rataya allo a masallaci. Amma tsare suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu sun riƙe sunayen mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya har yau, kuma Sayyidina Umar shi ya fara kafa diwani, littafin da ake rubuta mayaƙa da rabonsu. Ban haɗa yaƙin Nasara da Badar ba, Allah ya tsare ni. Ina cewa ne alƙalami da takarda namu ne tun kafin zuwan kumandan. Sarakuna suna da makaɗa masu riƙe musu jerin kakanni. Talaka in ba a rubuta shi ba, jikansa ne iyakarsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wani ɗan uwa daga Yamai ya ce, wane girma za a ba mutumin da ya ɗauki bindigar mai mulkin mallaka? Ya tuna mana cewa waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni da Lugu a 1899 ƙarƙashin Voulet da Chanoine baƙaƙen soja ne, waɗanda suka murƙushe Abzin a 1917 su ne, kuma su aka kai Madagaska a 1947. Ya ce wasu da suka komo sun zama gardin kumandan, sun fi kumandan zafin bulala wajen karɓar lanho. Duk haka ne. Ni ma shi ya sa ban yarda a kira abin da za mu yi allon girma ba, kamar yadda Ingilishi ke kiran nasu. Ba mu da hurumin raba girma ko hana shi. Amma ina tuna wa ɗan uwana cewa kabarin Voulet da na Chanoine suna nan a Maijirgi, kowa ya san inda suke, ya san sunansu, yana cikin littafin da nake koyarwa. Mutanen da suka kashe, da yaran da aka tilasta wa ɗaukar musu kaya da bindiga, su ne ba su da suna. In muka ƙi rubutawa don fushi da Faransa, sunayen hafsoshinta ne kaɗai za su rage.

Hujja ta uku ba a faɗe ta da ƙarfi ba, bayan an watse aka ja ni gefe. An ce in aka tona wanda ya tafi, za a tona wanda ya ba da shi, a tona dalilin da ya sa aka zaɓi gidan wane aka tsallake gidan wane, alhali yau an yi auratayya an zama ɗaya. Wannan ita ce ta hana ni barci. Abin da na gani shi ne mu rubuta wanda ya tafi, kada mu buɗe layin wanda ya tura. Wanda ya san wannan ya san shi, ba aikin ƙungiya ba ne. Amma kada kunyar masu rai ta sa a sake tsallake gidajen nan karo na biyu.

Sojojin Faransa sun bar ƙasarmu a Disamba 2023. A Oktoba 2024 aka sake wa ginin tunawa da matattun yaƙoƙin duniya da ke Yamai suna, aka ce da shi Bubandey Batama da Zabarmanci, aka ce daga yanzu na duk waɗanda suka rasa rai ne tun zamanin mulkin mallaka har yau. Madalla. Sai dai gini a Yamai ba zai san sunan kakan wani a unguwar gabas ba. Ko a Faransa ba gwamnati ce ta san sunayen ba da farko, limamin ƙauye da malamin lakkwal da magatakardan meri su suka bi gida-gida.

Ga shawarata. Mu sayi babban littafi mai kauri, a ajiye shi wurin magatakardan ƙungiya, a yi kwafi ɗaya a lakkwal. Mu bi hanyar mutanen Ostareliya, mu rubuta duk wanda ya tafi, da wanda ya komo da wanda bai komo ba. Kowane mutum a sa sunansa na yanka, da laƙabin da aka san shi da shi, da sunan ubansa da na uwarsa, da unguwa, da shekarar tafiya in an tuna, ko a ce shekarar yunwa kaza ko zamanin sarki wane, da inda aka kai shi, da sunan wanda ya ba da labarin. In akwai littafin soja a kwafe lamba da sunan da bariki ta rubuta, ko da kuskure ne, don da wannan sunan ne ake samun mutum a takardun Faransa. Ma'aikatar sojansu ta sa katunan matattun yaƙin farko fiye da 1,300,000 a intanet tun 2003, har da na baƙaƙen soja, kuma yaronmu da ke can ya ce zai duba duk sunan da muka aika masa. Ina so kuma a bar shafi ga waɗanda suka gudu ƙasar Ingilishi don kada a kama su, da shafi ga waɗanda aka ɗiba aikin dole kafin a hana shi a Afrilu 1946, masu fasa dutse da masu ɗaukar kaya a ka. Wasu za su ce waɗannan ba soja ba ne. A kawo wannan gardama taro na gaba, ina da amsa.

Na fara da yaran aji biyar da aji shida. Na ba kowa takarda ya je wurin kakarsa, don na lura tsofaffin mata sun fi maza riƙe sunan wanda ya tafi bai komo ba, musamman in wansu ne ko wanda aka yi musu baiko da shi. Ƴan uwa na ci-rani, duk mai wata takarda ko lamba ko hoto a gida ya sa a kawo mini lakkwal ran Asabar da hantsi, in kwafe a gaban mai shi in mayar masa a take, ba abin da zai kwana wurina. Wanda ke nesa ya ɗauki hoto ya aiko ta hannun wakilin ƙungiya na garin da yake. Kuɗin littafi da alƙaluma ba su fi jikka biyar ba, na riga na sa ɗaya. Iyayena dattawa kuma ina neman izini in riƙa zuwa zaure bayan la'asar da alƙalamina, in fara da unguwar gabas ran Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.